Gidan Gadonmu Ya Shekara 11 Ba a Raba Ba, Yanzu Yaya Yana So Ya Sallame Mu da Kuɗin Da

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu shekara 11 da suka wuce, ya bar gida ɗaya a Kano, a unguwar da a da bayan gari ce, yanzu kuwa kwalta ta bi ta ƙofar gidan. Akwai satifiket da sunan Baba, akwai shaguna 3 a gaba. Mu 7 ne, maza 3 mata 4, uwa ɗaya uba ɗaya, Hajiyarmu tana raye, tana cikin gidan. Iyayen Baba sun riga shi rasuwa. Da aka share makoki Yaya Babba ya ce kada a taɓa gidan saboda Hajiya, muka amince. Shi ya ci gaba da zama a ciki da iyalinsa, ya ɗora bene da kuɗinsa, shi ne kuma ke karɓar hayar shaguna. Shekara 2 ke nan mai bi masa ya rasu, ya bar mata da yara ƙanana, maza 2 mace 1. Yanzu autanmu ya matsu, ya ce zai sayar wa wani ɗan kasuwa kasonsa. Da Yaya ya ji, sai ya aiko mana mu mata da takarda, wai mu sa hannu ya ba kowaccenmu naira dubu 900, bisa kuɗin da aka yi wa gidan da baki lokacin rasuwar Baba. Biyu daga cikinmu sun ce za su sa hannu a zauna lafiya. Maigidana ya ce in kai kotu. Ni kuma tsorona kada Hajiya ta yi fushi da ni, a ce ni na wargaza gidanmu. A gidan haya nake da 'ya'yana. Ina mafita?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba da ɗan'uwanku, Ya raya abin da suka bari.

Kada ki sa hannu a takardar nan, kada kuma ki yanko wa kowa sammaci tukuna. Tsakanin abin da Yaya yake so da abin da maigidanki yake so akwai hanya mai faɗi: ku zauna ku daidaita a gida, a rubuta, sannan ku ɗauki abin da kuka daidaita a kai ku kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Kotu za ku je, amma tare za ku je, ba wani ne zai ja wani ba.

Bari mu fara da lissafi, domin wanda bai san nasa ba ba ya iya nema, ba ya ma iya yafewa. Bisa abin da kika faɗa, kuma in babu bashi ko wasiyya da suka rage a kan Baba, gidan kashi 80 za a yi shi. Hajiya tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, kashi 10 ke nan. Kowane namiji 14, kowace mace 7, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i suka tsara. Wannan kashi 7 ɗin ya zama naki tun ranar da Baba ya cika. Ba kuɗi kika gada ba, yankin gida kika gada, shi ya sa duk abin da gidan ya ƙaru da shi na daraja, da ke ya ƙaru. Kwaltar da ta bi ta ƙofar gidan ba Yaya kaɗai ta bi wa ba. A misali, in aka yi wa gidan kuɗi yau aka ce miliyan 80, naki miliyan 7 ne. Ban ce kuɗin gidanku ke nan ba, na zaɓi adadin ne don lissafin ya yi sauƙi. Amma ki auna da kanki: kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Naira dubu 900 ta shekarar rasuwar Baba da ta yau suna kawai suka haɗa.

Abin da Yaya yake nema a asalinsa halal ne. Malamai suna kiransa takharuji, wato magaji ya karɓi wani abu ya fita daga gado da yardarsa, kuma an yi shi tun zamanin sahabbai, a kan ɗaya daga cikin matan Abdurrahman ɗan Aufu. Sai dai ciniki ne, ciniki kuwa sai da yarda, yarda kuma sai da sanin abin da ake sayarwa. 'Yan'uwanki biyu suna da ikon sayar da nasu da arha, ko ma su ba shi kyauta. Abin da nake roƙa musu kawai, su ji kuɗin gidan na yau da kunnensu kafin su ɗauki biro. Na sha ganin macen da kunya ta sa ta sa hannu, bayan shekara biyar, ranar da aka koro ɗanta daga makaranta, ta dawo tana kuka tana cewa an cuce ta. Irin wannan zaman lafiyar aro ne.

Akwai abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki kika wuce, alhali shi ne ya fi komai nauyi: marayun nan. Ɗan'uwanku ya rasu yana da kashi 14 a gidan, kuma wannan kason shi ma gado ne na biyu a cikin na farko. Hajiya tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, a ciki a matsayin uwa, matarsa tana da tumuni, ragowar na 'ya'yansa ne. Ku 'yan'uwansa ba ku da komai a ciki tunda ya bar 'ya'ya maza. To, babba yana iya yafe haƙƙinsa, amma ba wanda yake da ikon yafe na maraya, ko uwar da ta haife shi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, kula da dukiyar yaro na hannun uba ne, sai wanda uban ya yi wa wasiyya, in babu sai alƙali ya naɗa. Ma'ana, ko da dukanku kun haɗa baki a tsakar gida, sulhun da ya taɓa rabon yaran nan bai tsayu ba sai alƙali ya duba ya gamsu ba a tauye su ba. Shekara 2 ke nan tun rasuwar ubansu hayar shaguna tana shigowa, akwai haƙƙinsu a ciki. Ba na zaton Yaya ya zauna ya ƙudurta cin dukiyar maraya. Yawancin masu faɗawa cikin wannan, sakaci ne da "ai duk gida ɗaya ne" suke kai su. Amma aya ta 10 ta surar nan ba ta da sassauci.

Wannan ita ce ƙofar da za ki shiga wa Hajiya ta ita. Kada ki yi maganar a waya. Ki tako daga Zariya, ki kwana, ki bari sai dare ya yi kun rage ku biyu. Ki fara da abin da take tsoro, domin tsohuwar da ta ji an ce rabon gado, abin da take ji shi ne za a fitar da ita daga ɗakin da mijinta ya bar ta. Ki ce mata, "Hajiya, ba wanda zai taɓa ɗakinki, wannan a rubuce za a sa shi kafin komai." In ana dara fidda uwa ake yi. Sannan ki kawo maganar jikokinta marayu, da nauyin da ke kan Yaya. Uwa tana iya jure 'yarta ta yi haƙuri da haya, amma ba ta son ɗanta ya tashi gobe ƙiyama da haƙƙin maraya a wuya. In ta ce wargaza gida ake so a yi, ki nuna mata cewa auta ya riga ya kama hanyar kawo bare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maigidanki kuma, da girmamawa, ya koma gefe. Yana da gaskiya cewa kina da haƙƙi, amma da zarar an ga hannun suruki a maganar gado, sai a bar lissafi a koma cewa miji ne ya zuga ta. Wanda zai kira zaman nan baffanku ne, ko kawu, ko limamin da Baba yake girmamawa. In gida ya gaza, Hukumar Hisbah tana irin wannan sasanci, haka nan akwai zauren sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano.

Kafin zaman a yi wa gidan kuɗi, kuma a nan kada a yi rowa. Dillalan unguwa sun san kasuwa, a ji ta bakin biyu ko uku waɗanda ba ɓangare ɗaya ne ya kawo su ba. Amma dillali la'adarsa yake hange, wani lokacin kuma yana da mai saye a aljihu. Ku haɗa da ƙwararren mai ƙiyasta kadara wanda yake da rajista, ya ba ku rahoto a rubuce. Ku ce ya rarrabe: nawa ne filin da tsohon ginin, nawa ne kowane shago, nawa ne benen da Yaya ya ɗora. Benen nan kuɗinsa ne, kuma kun gani kun yi shiru yana ginawa, don haka adalci shi ne a ware masa ƙimarsa kafin a raba. Malaman fiƙihu suna bambanta wanda ya yi gini da sanin abokan tarayyarsa da wanda ya yi gaban kansa, kuma Yaya ya fi kusa da na farko. Ki zama ke ce kika fara faɗar wannan a zaman. Mutumin da ya ji an amsa masa haƙƙinsa yakan sassauto wajen amsa na wasu. Sai dai ginin nasa ne, ƙasan da aka ɗora shi a kai na kowa ne, kuma daɗewarsa a ciki ba ta mallaka masa gidan. Shekara 10 da ake ji ana cewa wanda ya riƙe gida mai shi yana gani bai yi magana ba ya zama nasa, tsakanin bare ne. Risalar Ibn Abi Zaid ta faɗa ƙarara cewa ba a yin wannan hauzin tsakanin dangi da surukai a irin wannan muddar.

Hayar shaguna ta shekara 11 ita ce za ta iya tayar da ƙura, don haka ki san yadda za ki riƙe ta. Kuɗin na magada ne duka, kowa gwargwadon kasonsa. Amma kusan tabbas daga ciki ake cefanen Hajiya, da maganinta, da gyaran rufi, da yasar masai. A lissafa abin da ya shigo a kimance, a cire abin da aka kashe a kan gida da Hajiya, a ga abin da ya rage. Shawarata, ku manya ku yafe naku na baya in zuciyarku ta ba ku, ku riƙe yafiyar nan a matsayin abin da kuka kawo teburin sulhu. Na marayu kuwa a fitar musu da shi cif.

Yanzu ga yadda rabon kansa zai iya kasancewa. Fiƙihunmu ya san raba iri uku: a raba amfani a bar asalin kadara, ko a raba kadarar da yardar juna, ko a daidaita kaso a jefa ƙuri'a. Ƙuri'a ba za ta yi muku ba, domin gida ɗaya ba ya yankuwa gida 8 kowa ya sami ƙofa da makewayi, kuma ba a haɗa ƙuri'a da cikon kuɗi. Abin da ya fi dacewa da ku, a ganina, rabon yarda ne: cikin gida ya zama na Yaya da Hajiya, shaguna su tafi ga waɗanda ba sa zaune a gidan, wanda abin da ya samu ya haura kasonsa ya cika wa wanda nasa ya gaza da kuɗi. Shago ɗaya ga marayu ya fi musu tsabar kuɗi nesa ba kusa ba, domin kuɗi yana narkewa a hannun mai riƙo, shago kuwa yana nan har su girma, yana kuma biyan kuɗin makaranta. Ke ma da kike haya, ki yi tunani da kyau kafin ki zaɓi tsaba. Idan Yaya ya ce zai saye ku amma ba shi da kuɗin a dunƙule, ana iya yi masa kashi-kashi, sai dai wa'adin ya zama gajere, watanni ba shekaru ba. Ba halal ba ne a ƙara masa wani abu a kan kuɗin da aka riga aka tsayar saboda ya yi jinkirin biya, faɗuwar naira kuma a kanku za ta ƙare. A rubuta cewa ba za a juya takardun gida zuwa sunansa ba sai ya biya kashi na ƙarshe.

In kuma duk kun ga ba ku son a taɓa komai Hajiya tana raye, wannan ma mafita ce, amma ba irin ta shekara 11 da ta wuce ba. A tabbatar da kason kowa a gaban alƙali, a buɗe asusu na haya, a riƙa raba ta duk shekara, a rubuta ranar da za a yi rabon ƙarshe. Sai dai auta ya matsu, kuma ba a tilasta wa mai haƙƙi ya jira.

Shi autan, a gaya masa abu biyu. Na farko, in ya sayar wa bare kasonsa a gidan da ba a raba ba, ku abokan tarayyarsa kuna da shufu'a, wato ku mayar wa mai sayen kuɗin da ya biya ku karɓe kason. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari ya tabbatar da ita a kan duk abin da ba a raba ba, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, ta faɗi. Ɗan kasuwa mai wayo ya san haka, shi ya sa kason da ba a fitar ba kullum a wulaƙance ake sayensa. Na biyu, shigowar bare tana iya sauya kotun ma gaba ɗaya. Rabon gadon Musulmi aikin kotun Shari'a ne, amma jayayya kan wane ne mai filin da ke da satifiket ɗin gwamna, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha ita. Daga nan sai lauyoyi da ɗage zama, shekaru suna tafiya. Ya yi haƙurin wata biyu ko uku, zai sami fiye da abin da ɗan kasuwar zai ba shi.

Shi ma Yaya akwai abin da ya kamata baffanku ya raɗa masa. In sulhu ya ƙi, ɗayanku ya kai ƙara, ƙa'idar da alƙali zai bi sananniya ce: abin da yake rabuwa ba tare da cutarwa ba a raba shi, wanda ba ya rabuwa kuwa, in ɗaya ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi. Ana ba na ciki damar ya ɗauka a kan kuɗin da gidan ya kai, in ba shi da su gidan ya tafi hannun wani, har da benensa da ɗakin Hajiya. Sulhun nan shi ya fi kowa buƙatarsa.

Idan kun daidaita, lauya ya rubuta, a karanta wa kowa da Hausa. Takardar ta ƙunshi sunan kowane magaji da kasonsa, lambar satifiket da iyakokin gidan, kuɗin da aka yi masa da wanda ya yi, wa ya ɗauki me, wa zai cika wa wa nawa kuma yaushe, zaman Hajiya a sashenta iya rayuwarta, wanda zai riƙe na marayu, abin da aka yafe na haya a ambace shi da adadinsa, da yadda za a raba kuɗin kotu da na lauya da na safiyo. Kada a manta da ƙananan abubuwan da suke haɗa faɗa daga baya: mitar wuta, rijiya ko famfo, magudanar ruwa, da ko mai shago yana da ikon ɗora gini a samansa. Sannan ku ɗunguma zuwa kotun Shari'a da ke da hurumin unguwar, da shaidun da suka san Baba da magadansa. Alƙali zai tabbatar da mutuwa da magada, ya tambayi kowa da bakinsa ko ya yarda, ya duba na marayu, sannan ya zartar. Ke ki je da ƙafarki, kada ki wakilta wanda yake da rabo a gidan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma da zarar ya zama hukunci, warware shi ba abu ne mai sauƙi ba. Saboda haka duk abin da bai kwanta miki ba, a gaban alƙali za ki faɗe shi, ba a mota a hanyar komawa Zariya ba. Ki karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu da takardar da ke nuna abin da ya zama naki, ki adana da kanki.

A nan mutane da yawa suke tsayawa, alhali da saura. Satifiket ɗin har yanzu sunan Baba yake ɗauke da shi. Dokar 1978 ɗin nan ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana juya mallakar irin wannan fili ba da amincewarsa ba, sashe na 24 kuma ya ce ba a tsaga shi gida biyu ko fiye saboda gado sai da izininsa. Ba magana ce ta takarda kawai ba: a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda babu wannan amincewar. Don haka bayan kotu sai Ma'aikatar Ƙasa da ofishin KANGIS mai kula da bayanan filaye na Jihar Kano, a biya harajin ƙasa da ya taru in akwai, safiyo ya fitar da awon kowane yanki, a nemi izinin tsagawa, kowa a yi masa takarda da sunansa. In hukuma ta ce shagunan sun yi ƙanƙanta a ba su takarda daban, lauyanku ya san wannan tun kafin ku sa hannu, domin yana iya sauya tsarin rabon. Ku tura shi ya bincika fayil ɗin gidan tun yanzu, ya kuma tabbatar ba a taɓa jinginar da satifiket ɗin a banki ba. Ba zargin kowa nake yi ba, shekara 11 ce da yawa. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki leƙa ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa ki ji ko za su duba miki takardar.

Takardar da ke hannunki kuwa, kada ki yaga ta, kada ki mayar da ita da faɗa. Ki ɗauki hotonta ki ajiye. Ki kira Yaya cikin makon nan, ki gaishe shi da iyali yadda kika saba, ki ce, "Yaya, na ga saƙo, Allah Ya saka da alheri da ɗawainiyar Hajiya. Ina so a yi abin nan gaba ɗaya har da na yaran marigayi, don kada ya zame maka nauyi. Zan shigo ranar Asabar, na kuma roƙi Baffa ya zo." In ya ce ki sa hannu tukuna, ki ce sai kin zo.